Kwalin Firji a Bitar Maniyyata

A shekarun da azumi yake faɗowa tsakiyar zafi a New York, bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki, limamin masallacinmu na Bronx ya tsare ni a wajen ajiye takalma ya ce ni zan yi wa maniyyatan bana bita. Na ce masa ni ba malami ba ne, mai sayar da huluna da gyale ne a Canal Street. Ya ce ya sani, ai hular da ke kansa ma a teburina ya saya. Amma, in ji shi, na je Makka, na zauna gaban malamai a zaurukan Kano, kuma ba na gajiya da maimaita magana. Shi kuwa ɗaurin aure da raɗin suna da sulhun ma'aurata sun cinye masa Asabar da Lahadi. Na ce to, Allah ya ba mu iko.

Na ɗauki abin da nauyi ƙwarai. In ciniki ya lafa sai in ciro takarda in ɗora a kan gwiwa in yi ta rubutu da ajami, domin da shi hannuna ya saba. Boko sai da na girma na koya, har yau in ina rubuta shi ji nake kamar na sa takalmin wani. Na jera rukunnan hajji da wajibansa da sunnoninsa, na kawo abin da ke ɓata shi, da abin da ke jawo yanka, da wuraren da malamai suka saɓa. Da na gama na dubi takardun nan na ji daɗi a raina. Na ce duk wanda ya saurari wannan, ba abin da zai shige masa duhu.

Ranar Lahadi bayan azahar muka taru a ɗakin ƙasa na masallacin, inda mata suke salla. Maza suka zauna gaba, mata baya, fanka ɗaya tana ta kaɗa iska mai ɗumi. Mafi yawan mazan direbobin tasi ne da suka kwana a kan titi, matan kuwa masu kula da tsofaffi ne a gidajen mutane. Na yi bisimilla na fara karantowa. Kafin in fita daga rukunnai kawuna sun fara rinjaya. Da na shiga wajibai sai na ji minshari daga gefen dama, mai ƙarfi, mai tsari, kamar ana jan buhu a kan siminti. Ban ɗaga kai ba na san mai shi: maƙwabcina ne a Canal Street, wani Badamagare mai sayar da jakunkunan mata, wanda shi ma ya biya kujera a shekarar.

Mutum ɗaya ce ba ta runtsa ba. Wata dattijuwa ce 'yar zangon Kumasi da kowa ke kira Mma. Gini ɗaya muke da ita a unguwar Concourse Village, tana hawan da ke ƙarƙashin namu. Ta shafe shekaru tana wanke tsofaffin Turawa, tana ba su abinci a baki, tana tura su a keke zuwa asibiti, har Allah ya hore mata kujerar Makka. Tun da na fara magana idonta na kaina, ko ƙiftawa ba ta cika yi ba. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ko ba komai na sami ɗaliba guda.

Da yamma ta hau wurinmu. Maiɗakina ta kawo mata kunun gyaɗa, ta ƙi taɓawa. Ta zauna a bakin kujera, ta haɗa hannuwa a kan cinya.

"Malam, na fasa."

"Kin fasa me, Mma?"

"Makka. Ba ni zuwa koraa, sam-sam."

Na zaci wani abu ne ya faru a gida. Ta ce lafiya lau kowa yake, karatuna ne ya buɗe mata ido. Da can ita a tunaninta hajji shi ne ka je Ɗakin Allah ka yi salla ka yi kuka ka roƙi gafara. Yau ta ji ashe in ka yi kaza sai yanka, in ka manta kaza ya ɓaci, in ka gabatar da kaza a kan kaza malamai sun saɓa.

"Ni ban yi makaranta ba, Malam. Fatiha da Ƙulhuwallahu da 'yan surori, su ke nan kayana. Abin da ka karanta yau, ko guda bai zauna a kaina ba. In je gaban Ɗakin Allah in yi ɓarna? Ei! Gara in zauna inda nake. Ɗana da ke zaune a Tompkinsville ya yi karatu, shi ya tafi a kujerar."

Ta ce ejan ɗin da ke shirya tafiyar bai karɓi fasfo ba tukuna, sai mako na sama, saboda haka canza suna ba wuya. Na yi magana, na kawo sauƙin addini, na kawo rahamar Ubangiji, tana ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama shawara. Maiɗakina ce ta riƙe hannunta ta ce, "Mma, don Allah ki ba shi Lahadi ɗaya. In ya sake rikita ki, ni da kaina zan raka ki wurin ejan." Da ƙyar ta yarda. Bayan ta sauka, maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, an ba ka mutane ka kai su Makka, ka fara sauke su tun daga Bronx."

Washegari na buɗe tebur jikina a sanyaye. Badamagaren nan yana rataye jakunkunansa, ya hango ni ya washe baki. Tsakaninmu da su akwai wasa tun na kakanni, ba ya raga mini, ni ma ba na raga masa.

"Bakano, Allah ya saka da alheri. Rabona da barci mai daɗi irin na jiya tun ina Zinder."

Na ce masa ya ji kunya, mutum zai je Makka yana minshari a wajen bita. Sannan na ba shi labarin Mma. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya shiga gyara maɗaurin wata jar jaka. Can sai ga wata Baturiya ta rage tafiya a gaban teburina. Ban ma san na yi ba, hannuna ya zaro gyale mai ruwan toka, na warware shi, na ɗora mata a hannu, na ɗaga ɗan madubina. Ta shafa, ta yafa a wuya, ta juya hagu ta juya dama, ta saya ta wuce.

"Wala! Yauwa!" in ji Badamagare, yana nuna ni da yatsa. "Ka ga abin da ka yi yanzu? Me ya sa ba ka karanta mata rukunnan gyale da wajibansa ba?"

"Kai dai ba ka da kunya."

"A'a, tsakani da Allah. Shekara nawa muna nan, na taɓa ganin ka sayar da gyale yana cikin leda? Sai ka sa wa mutum a hannu. To mu jiya me ka sa mana a hannu? Ka ce Ka'aba ta kasance a hagunka. Ina Ka'abar? Ina hagun? Ni fanka kawai nake gani."

Maganar ta shige ni. Na tuna a sansanin alhazai na Kano, shekarar da muka tafi da maiɗakina, akwai wani ɗan gini mai kusurwa huɗu a fili da malaman bita suke zagayawa da mutane. Na manta da shi sarai, saboda ni a lokacin ina ganin na riga na karanta a littafi.

A ranar muka je wani shagon kayan lantarki da ke bayan layinmu, muka roƙi kwalin firji. Mai shagon ya ba mu mafi girma, har yana murna an rage masa shara. Muka ninke shi ya zama kamar ƙyauren ƙofa, ya fi ni tsawo nesa. Muka sauka da shi tashar jirgin ƙasa, ni a gaba, Badamagare a baya yana ta ba ni umarni kamar shi ne direba. Mutanen New York ba abin da ke ba su mamaki. Muka tsaya da abin nan a tsakiyar tarago tun daga ƙasan Manhattan har Bronx, ba wanda ya ɗaga kai daga wayarsa, sai wani tsoho da ya tambaye mu ko sabon gida muka samu. Badamagare ya ce masa i, wannan ne falon, gobe za mu ɗauko ɗakin kwana.

Sauran kwanakin makon gidanmu ya koma wurin sana'a. Maiɗakina ta sayo baƙin yadi ta ɗinke shi daidai jikin kwalin, ta bi samansa da ƙyalle mai ruwan zinariya. Na liƙa ƙaramin farantin silba a kusurwa ɗaya, ya tsaya a madadin Hajarul Aswad. Na ɗauko fararen tawul biyu manya. Maiɗakina ta zazzage ƙwallayen dabinon da suka taru tun buɗa-bakin azumi, waɗanda take ajiyewa ban san don me ba, ta wanke ta shanya. Daga teburin wata mai sayar da kayan ado na sayo awarwaron roba guda bakwai, saboda Mma. Takarduna na ajami kuwa na ninke su na sa a aljihu, na ce in an tambaye ni abin da ya shige mini sai in duba.

Lahadi ta zo. Da mutane suka sauko suka ga abin da ke tsaye a tsakiyar ɗaki, sai surutu ya ɗauke. Wasu matan suka fara salati. Na yi sauri na ce, "Jama'a, kwali ne. Na firji. Ni da wancan mai minsharin muka ɗauko shi a jirgi." Aka yi dariya, aka saki jiki. Na ce yau ba mai zama, kowa ya tashi.

Da harami muka fara. Na kira Badamagare gaba, na ce shi za a gwada wa. Allah ya yi masa tumbi, tawul ɗin ƙasa da ƙyar ya haɗu. Ya ɗaura irin ɗaurin da ya ga dama, ya ce shi ba yaro ba ne. Na ce ya taka zuwa bango ya dawo yana Labbaika. Bai kai rabi ba tawul ya zube a ƙafarsa, ya bar shi tsaye da wando da singileti, baki buɗe. Ɗakin ya kece da dariya. Wani direba ya ce, "Alhaji, a can fa ba wando a ciki!" Sai ga maza sun yi layi, kowa yana so a nuna masa yadda ake naɗe bakin tawul a murɗa shi ƙasa har ya kama. Abin da na karanta musu a makon jiya suna barci, yau suna ture juna a kansa.

Sannan ɗawafi. Na jera kujerun roba a gefe ɗaya na kwalin, suka yi rabin da'ira, na ce nan ne Hijiru Isma'il, ta bayansa ake bi. Na ajiye wata 'yar kujerar katako can gaba kaɗan, na ce Maƙamu Ibrahim ke nan. Maza suka fara. Direban tasi ko a ina direban tasi ne: wannan ya sha gaban wancan, wancan ya matse wannan a kusurwa. Ɗaya ya hango sarari tsakanin kujerun roba da kwali, ya kutsa ta nan abinsa.

Na ce, "Malam, ina zuwa?"

"Yanke na yi, akwai cunkoso."

"Wannan zagayen bai shiga lissafi ba. Koma ka sako."

"Haba Malam, ko ɗan sanda ai yakan yi wa mutum gargaɗi tukuna!"

Da layin mata ya zo na matsa gefe, maiɗakina ta shige gaba. Ta zura wa Mma awarwaron nan bakwai a hannun dama, ta ce duk lokacin da ta dawo daidai faranti ta ɗaga hannu ta yi kabbara, ta mayar da guda ɗaya hannun hagu. In dama ta zama wayam, ɗawafi ya cika. Mma ta fara takawa a ɗarare, kafaɗarta ta hagu na fuskantar kwali, leɓɓanta na motsi. A zagaye na uku na ga bayanta ya miƙe. A na biyar har tana gyara wa wadda ke gabanta: "Ke, ba ta nan ba, ta bayan kujeru!" Da awarwaro na ƙarshe ya koma hagu, ta ɗaga hannun ta girgiza shi sama, suna kacau-kacau, tana dariya har ana ganin wushiryarta.

Safa da Marwa buhunan shinkafa biyu ne da suka rage a ma'ajiyar masallaci, ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan. Na shimfiɗa korayen gyale biyu a tsakani, inda maza ke sassarfa. Jifa kuwa bokitin goge ƙasa muka kafa a gindin matakala, kowa aka ƙirga masa ƙwallayen dabino a tafin hannu. Na ce a hankali ake yi, da kabbara, ba faɗa ba ne. Badamagare bai ji wannan ba. Ya ja baya, ya ware hannu kamar mai korar biri daga gona, ya saki. Daidai lokacin na'ibin liman yake saukowa, ƙwallon ya same shi a tsakiyar hula.

Na'ibin mutum ne mai tsantseni, ba ya wasa da abin da ya shafi aƙida, kuma duk muna girmama shi a kan haka. Ya shafa hularsa. Ya tsaya yana kallon kwalin, ya daɗe, sannan ya ce lokacin la'asar ya yi, ya juya ya hau.

Kafin mu watse wata mata ta tambaya, in an tayar da salla mutum yana cikin Harami, ina zai duba? Na ji daɗin tambayar. Na ce a can ba a neman gabas. Ɗakin yana gabanka, sahu zagaye shi yake yi kamar zobe, duk inda kake shi za ka fuskanta. Na sa mutane suka kewaye kwalin don su ga yadda abin yake. Ana cikin haka ladan ya kira salla. Mu maza muka hau sama, mata suka tsaya a wurinsu, kwali na nan tsaye a tsakiyar ɗaki.

Abin da ya faru a ƙasa maiɗakina ce ta ba ni labari. Da aka tayar da iƙama ta lasifika, mata suka ja sahu suka fuskanci alƙibla kamar kullum. Ta waiwaya don ta ga ko sahu ya daidaita, sai ta hango Mma da wasu tsofaffi biyu sun kewaye kwali, kowacce ta gefenta, sun gyara mayafi, sun natsu, suna jiran kabbarar liman. Mma ma ta ba alƙibla baya ɗungum. Maiɗakina ta fita daga sahu da gudu, ta kama kafaɗunsu ɗaya bayan ɗaya ta juyo da su. Allah ya taimaka ba su kai ga kabbara ba. Amma 'yan matan da ke sahun baya sun gani, kuma bayan sallama dariyar da suka danne ta fashe, har muna jiyowa daga sama.

Kafin mu gama addu'a labari ya hau matakala. Liman ya kira ni da na'ibi muka sauka. Mata sun ja gefe, Mma ba ta cikinsu, an ce tana sallamewa ta ɗauki takalmanta ta fita.

Na'ibi ya ce, "Allah gafarta Malam, tun da na ga baƙin yadin nan gabana ya faɗi. Mutanenmu masu son Ɗakin Allah ne, zuciyarsu a kusa take. Yau an fuskance shi, gobe wata za ta shafa shi ta shafa a fuska. A fitar da shi."

Ban iya musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Na ce kawai, makon jiya na yi musu karatu sun yi barci, wadda ba ta yi barci ba ta fasa tafiya. Yau kuwa ba wanda ya zauna.

Liman ya zagaya kwalin a hankali, hannuwansa a baya. Ya dubi farantin, ya dubi buhunan shinkafa, ya tsinci ƙwallon dabino ɗaya a ƙasa ya jujjuya shi. Ya tambayi maiɗakina ko sun yi kabbara, ta ce a'a. Sai ya kama bakin yadin ya yaye shi gaba ɗaya.

Ga kwali tsirara, ruwan ƙasa, da hoton firji ƙato a jikinsa, ƙofa buɗe, har da zanen kwalaben madara a ciki. Ga kuma kibiyoyi biyu da ya kamata su dubi sama, suna duban ƙasa. Ashe duk yinin nan a kife muka kafa shi.

Na'ibi ne ya fara murmushi, ya yi ƙoƙarin ɓoyewa da gemunsa bai iya ba.

Liman ya ce, "To ga hukunci. Rigar nan ta koma gida, Hajiyar Malam ta yi abaya da ita. Kwali ya tsaya a kwalinsa, kowa ya ga firji ne. Kuma da an kusa kiran salla a ninke shi a jingine a bango. Malam na'ibi, ka yarda?"

Ya ce ya yarda, da sharaɗin shi zai riƙa ninkewa da hannunsa.

Saura Mma. Kafin magariba muka ƙwanƙwasa ƙofarta ni da maiɗakina. Ta buɗe, ba ta dube mu ba. A kan teburin falonta ga awarwaro bakwai a cikin ɗan faranti, an ajiye su a shirye don a mayar mana.

"Ku ɗauki kayanku. Gobe zan kira ɗana."

Maiɗakina ta ce, "Haba Mma."

"Ba haba. Yara sun yi mini dariya, kuma suna da gaskiya. Tsohuwa da furfura ta tashi yi wa kwali salla! Abin da ya fi ci mini rai, komai na yi shi daidai. Na sa shi a haguna. Na fara daga faranti. Ban bi ta cikin kujeru ba, ta baya na bi, har sau bakwai. Na je bayan 'yar kujerar katako inda ake raka'a biyu. Na tafi buhun farko na fara daga can, ban yi gudu a wurin koren gyale ba don ni mace ce, na ƙare a buhu na biyu. Sai a rage gashi kaɗan, kamar gaɓar yatsa. Duk na riƙe. Sannan a ƙarshe in zo in yi wannan abin kunya!"

Maiɗakina ta dube ni, na dube ta.

"Mma," in ji ta, "kin ji abin da kika faɗa yanzu?"

"Me na faɗa?"

"Umara kika kawo tun daga ɗawafi har aski, ba ki tsallake ko ɗaya ba. Ke da kika ce ba abin da ke zama a kanki."

Na ga Mma tana mayar da maganar a ranta, yatsunta na motsi kamar mai ƙirga.

Na ce, "Kuma kuskuren da kika yi, Mma, kuskure ne a Bronx. Akwai wuri ɗaya a duniya da in kin yi haka, shi ne daidai, ba mai taɓa kafaɗarki. Can ne kike cewa ba za ki je ba."

Ta tsura wa awarwaron ido. Can sai kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce ta taso mata tun daga ciki, har da hawaye, tana dukan cinya tana cewa, "Ei, Allah! Firji! Na ba gabas baya saboda firji!" Maiɗakina ta gaya mata ai a kife ma yake, dariyar ta dawo sabuwa. Da ta lafa ta share ido da bakin mayafi, ta jawo farantin, ta zura awarwaron ɗaya bayan ɗaya a hannun dama. Ta ce saura Mina da Arfa da Muzdalifa, da me zan nuna su? Na ce ina da tabarma da lema da bargo, ta zo Lahadi ta gani. A makon ta kai fasfonta da kanta.

Muka yi sauran Lahadin da kwali tsirara. Ba wanda ya sake yin salati don ya gan shi, ba kuma wanda ya yi barci. Da lokacin salla ya gabato sai mu ji takun na'ibi a matakala, ya zo ya ninke abinsa ya jingine, wani lokaci har ya tsaya ya gyara wa wani ɗaurin harami kafin ya hau.

Alhazai suka tafi, suka dawo lokacin da ganyen itatuwan bakin titinmu ya fara ja. Badamagare ya dawo da aski ƙwal da muryar da ta dushe, yana rantsuwa tawul ɗinsa ko sau ɗaya bai motsa ba. Mma kuwa, da muka sauka yi mata barka, mun tarar da falon cike da mata, ana ta Mma Hajiya, Mma Hajiya. Ta sa aka matsa mini, ta zuba mini zamzam a ɗan kofi da hannunta. Awarwaron na nan, duk bakwai, a hannun hagu.

"Malam, kwalinka ƙarami ne paa, ƙarami sosai."

Na ce na sani, Mma Hajiya.

Ta ce da ta shiga Harami ta ɗaga ido ta ga Ɗakin, komai ya fice mata daga ka. Addu'o'in da ta tanada, sunayen 'ya'yanta, har nata sunan, ba ta san inda suka tafi ba. Kuka kawai take. Tana cikin kukan sai ta ga ashe tafiya take yi, Ɗakin na hagunta, hannunta kuma ya riga ya mayar da awarwaro biyu.

"Kai ya manta, ƙafa ba ta manta ba. Da aka kira salla kuwa na tsaya inda nake, na dube shi sosai, na ce yau dai bari in ga mai juya ni."

Ta waiwaya wajen maiɗakina, ta ɗaga mata gira.

"Na jira ki, ɗiyata. Ba ki zo ba."